Burtalin Sama

Da ƙafa kakana Ɗantani ya shigo ƙasar nan,
bayan shanu tamanin, har bakin teku.
Bai taɓa biyan kuɗin ɓarna ba.
Ya ce ba wayon shanunsa ba ne,
a kowace mararraba ya sami mai ce masa:
"Bi nan, baƙo, can gonar rogo ce."

Ni jikarsa, kiwona a allo yake.
Nakan bar Nima kafin a sauke tukunyar koko,
in hau hasumiyar filin jirgin Akra,
in ƙirga garkena, ɗigo-ɗigo,
kowane ɗigo da masu jiransa a ƙofar fita.

Wata Laraba, tsakiyar damina,
hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen Tema.
Ina sauko da wani babba daga Abijan,
mutum ɗari da arba'in, an ɗaura ɗamara,
sai ga ɗigo marar suna
ya ɓullo ta bayan duwatsun Shai,
yana tafe kamar ɗan maraƙin da ya ga kore,
kai tsaye cikin hanyar babban.

Mumuni ya bugi tebur:
"Wa ya shigo mana ba sallama?
Nemo lambarsa, a ƙwace takardarsa!"

Na karkatar da babban, na tsayar da saukarsa.
Na kira marar suna. Shiru.
Na sake. Shiru, sai ƙarar ruwa a gilashi.
A na uku na sauke murya
kamar mai tashin yaro ya sha magani:
"Ƙaramin jirgi, ba faɗa zan yi ba.
Ina ganinka. Yi mini magana."

Sai murya ta zo, tsohuwa, tana rawa.
Likitan ido ne, Dakta Okanta,
daga wani ƙauyen bakin Bolta,
ya buɗe ido goma sha ɗaya tun safe,
ga shi nasa biyun sun rasa hanya.
Gudun hadari ya yi, ya faɗo gonarmu.

Na ce: "Ka ga manyan turakun wuta a ƙasa?
Ajiye su a damanka, kada ka hau sama.
Ina tare da kai har ka taka ƙasa."

Minti tara. Na ƙirga su a wuyana.

Daga baya, a takardar bincike,
aka tambaye shi me ya hana shi kira da wuri.
Ya rubuta layi biyu:
taswirarsa ta girmi sabon shingenmu,
kuma bara da ya kira, an ce masa
ya bar layi, ana aikin manya.

Na san muryar da ta faɗi haka.
Tawa ce.

An ce matambayi ba ya ɓata.
Ba a faɗi abin da ke samunsa ba
in an kore shi daga bakin tambaya.
Sama ba ta da darni, ba ta da kunya,
layin da muka ja, mu kaɗai ke ganinsa,
sannan mu ce wa baƙo: ka taka mana shuka.

Yanzu akwai kujera guda a kusurwa,
da zangon rediyo na ƙananan jirage.
Mumuni ne ke zamanta, shi da kansa,
yana gaishe su tun suna nesa,
yana faɗa musu inda shinge ya fara.
Asabar ɗin ƙarshen wata mukan je rumfarsu
da sabuwar taswira da ƙosai a takarda.
Har yanzu wani kan ratse,
amma yakan kira kafin in kira shi.

Dakta Okanta ya hawo hasumiya da abarba biyu,
yana haki, yana hutawa a kowane bene.
Bai yi dogon godiya ba.
Ya dubi yadda nake ƙanƙance ido ga allo,
ya ce: "'Yata, yaushe rabonki da gwaji?
Zo ranar Litinin. Kada ki ji tsoron tambaya."